Jagora: Yadda Manufofin Laƙabin Sirri da Fifikonsu Ke Aiki a Microsoft 365

Duk wanda aka ɗora wa kula da Microsoft 365 a ma'aikata, ko ba daɗe ko ba jima zai ci karo da irin wannan ƙorafin: an tsara cewa takardun sashen kuɗi su riƙa fitowa da laƙabin "Sirri" tun daga lokacin da aka buɗe su, sai ga ma'aikaciya a sashen ta buɗe Excel tana ganin "Na Cikin Gida". Laƙabin lafiyarsa ƙalau, manhajar ma haka. Abin da ya faru shi ne ma'aikaciyar tana ƙarƙashin manufofi biyu, kuma wadda aka ɗauka ita ce babba ba ita ke da rinjaye ba.

Tsani biyu ne a cikin wannan tsari. Na farko shi ne jerin laƙabobin kansu, wanda ke nuna wanne ya fi wanne tsauri. Na biyu shi ne jerin manufofin da ke raba laƙabobin ga ma'aikata, wanda ke nuna saitin wace manufa za a bi idan biyu suka saɓa. A duka biyun, abin da ke ƙasan jeri, mai lamba mafi girma, shi ne mai fifiko. Wanda ya riƙe wannan, ya kuma daina haɗa tsanukan biyu wuri guda, sauran aikin ba zai ba shi wahala ba.

Laƙabi daban, manufa daban

Laƙabin sirri alama ce da ake liƙa wa fayil, ko imel, ko taro, ko kuma rukuni da shafin SharePoint, wato wurin da ma'aikata ke ajiye takardu tare a intanet. Ana rubuta shi a cikin bayanan fayil ɗin kansa, shi ya sa yake bin fayil duk inda ya je, ko an sauke shi a kwamfuta, ko an tura shi wa wani a waje. Laƙabin ne ke ɗauke da kariya: yana iya kulle fayil ta hanyar Azure Rights Management, wato tsarin kulle bayanai na Microsoft, ta yadda sai waɗanda aka ba izini za su buɗe, yana iya sa rubutu a kan shafi ko a ƙasansa, ko ya shimfiɗa rubutu a bayan shafin. Fayil ɗaya laƙabin sirri ɗaya kawai yake ɗauka daga ma'aikatarku.

Manufa kuwa ba ta kare komai da kanta. Aikinta biyu ne. Tana faɗin wane ne zai ga waɗanne laƙabobi a cikin Word, Excel, PowerPoint da Outlook har ya iya liƙa su. Sannan tana ɗauke da saituka na yadda za a tafiyar da mutum: wane laƙabi ne sabuwar takarda za ta fara da shi, ko dole ne a sa laƙabi kafin a adana, ko za a nemi dalili idan ya sauke laƙabi zuwa mai sauƙi.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta tun da wuri, domin yana jawo asara ta gaske. Raba wa mutum laƙabi a manufa ba ya ba shi izinin buɗe fayil da aka kulle da wannan laƙabin. Izinin buɗewa yana cikin saitin kullewa na laƙabin. Haka kuma hana mutum laƙabi a manufa ba ya hana shi karanta fayil mai ɗauke da shi, muddin saitin kullewar ya ba shi dama ko kuma laƙabin ba ya kullewa sam. Manufa tana amsa tambayar "wa zai liƙa?", kullewa kuma tana amsa "wa zai buɗe?". Wanda ya cire wani rukuni daga manufa yana ganin ya rufe musu ƙofar takardu, bai rufe komai ba.

Kafin ka taɓa komai

Duk aikin ana yin sa ne a dandalin Microsoft Purview, a sashen Information Protection. Kana buƙatar izinin da ya dace, kamar zama cikin rukunin Information Protection Admins ko Compliance Administrator. Babu dalilin amfani da asusun da ke da iko a kan komai don wannan aiki.

Duba lasisin ma'aikata. Liƙa laƙabi da hannu yana zuwa da lasisin Microsoft 365 irin su E3 da Business Premium. Liƙawa ta atomatik bisa abin da ke cikin takarda tana buƙatar E5 ko ƙarin lasisin da ya yi daidai da shi. Sannan ka tabbata an kunna laƙabobi ga fayilolin Office a SharePoint da OneDrive. Idan ba a kunna ba, Word da Excel na burauza ba za su yi aiki da fayilolin da aka kulle yadda ya kamata ba. Ana kunnawa daga dandalin, ko da wannan umarni a PowerShell, manhajar rubuta umarni ta Microsoft:

`Set-SPOTenant -EnableAIPIntegration $true`

Tsohon ƙarin Azure Information Protection da ake saka wa Office an yi masa ritaya a watan Afrilun 2024. Yanzu laƙabin yana cikin manhajojin Office kansu, babu abin da za ka ƙara saka wa kwamfutocin ma'aikata domin Word ko Outlook.

Mataki na farko: jera laƙabobi

Ɗauki takarda da biro, ka rubuta laƙabobin da ma'aikatarku ke buƙata daga mafi sauƙi zuwa mafi tsauri. A ce mun ɗauki huɗu:

0. Na Jama'a
1. Na Cikin Gida
2. Sirri
3. Babban Sirri

Haka za su tsaya a dandalin: Na Jama'a a sama da lamba 0, Babban Sirri a ƙasa da lamba 3. Haka kuma ma'aikata za su gan su a manhaja, domin jerin da suke gani daga nan yake fitowa, ba daga manufa ba.

Tsarin yana ɗaukar laƙabobi masu ɗimbin yawa a ma'aikata guda, sai dai akwai iyakar 500 ga laƙabobin da ke kullewa tare da ayyana masu izini. Kada wannan yalwa ta ja ka. Microsoft da kanta ta lura cewa amfanin tsarin yana raguwa idan manyan laƙabobi suka wuce 5, ko ƙananan da ke ƙarƙashin kowanne suka wuce 5. A ganina huɗu sun isa yawancin ma'aikatu. Mutumin da ke sauri ya tura rahoto ba zai tsaya tantance laƙabobi goma sha biyu ba, wanda ya fi kusa da hannunsa zai danna.

Wajen ƙirƙirar kowane laƙabi akwai suna biyu. Ɗaya na ciki ne, ba a canza shi bayan an ƙirƙira. Ɗayan shi ne wanda ma'aikata ke gani, shi kuwa ana iya gyara shi a kowane lokaci. Ka yi tunani sosai kafin ka rubuta na cikin. Akwai kuma ɗan bayanin da ke fitowa idan mutum ya ɗora linzami a kan laƙabin. Ka rubuta shi da harshen da ma'aikatan ke ji, tare da misalin irin takardar da ake nufi. "Albashi, kwangiloli, da bayanan abokan hulɗa" ya fi "bayanai masu muhimmanci" amfani nesa ba kusa ba.

To, me wannan jeri yake shafa? Abubuwa da yawa fiye da yadda ake zato.

Neman dalili ya dogara a kansa kacokan. Tsarin bai san ma'anar kalmar "Sirri" ba, lamba kawai yake gani. Idan mutum ya canza daga 2 zuwa 1, ya sauka, sai a tambaye shi dalili. Idan ya canza daga 1 zuwa 2, ya hau, babu tambaya. Yanzu a ce bayan wata shida ka ƙirƙiri sabon laƙabi mai suna "Na Kaina" domin takardun da ba na aiki ba. Sabon laƙabi yana faɗawa ƙasan jeri ne, wato ya zama lamba 4, sama da Babban Sirri a fifiko. Daga wannan lokaci duk wanda ya mayar da takardar Babban Sirri zuwa Na Kaina, a lissafin tsarin hawa ya yi, babu wanda zai tambaye shi komai. Saboda haka duk lokacin da ka ƙara laƙabi, aikin bai ƙare ba sai ka matsar da shi matsayinsa. Danna ɗigo ukun da ke gefensa, za ka ga zaɓin matsar da shi sama ko ƙasa.

Liƙawa ta atomatik ma da jerin take aiki: idan takarda ta dace da sharuɗɗan laƙabi biyu, mai lamba mafi girma ake sa mata. Haka nan idan an kunna saitin da ke sa imel ya gaji laƙabin fayilolin da aka maƙala masa, mafi fifiko a cikinsu yake ɗauka. Idan aka ɗora fayil mai laƙabi babba a shafin SharePoint da ke da laƙabi ƙarami, tsarin yana rubuta rashin daidaiton a kundin bincike, ya kuma aika saƙon gargaɗi ta imel. Microsoft 365 Copilot, mataimakin AI da ke cikin manhajojin Office, shi ma, idan ya haɗo amsa daga takardu da yawa, laƙabin da ya fi fifiko a cikinsu yake nunawa. Jeri guda da aka yi wa riƙon sakainar kashi yana lalata waɗannan duka a lokaci ɗaya.

Game da ƙananan laƙabobi: ana iya raba "Sirri" gida biyu, misali "Duk Ma'aikata" da "Zaɓaɓɓun Mutane". Da zarar laƙabi ya sami 'ya'ya, shi kansa ba ya liƙuwa, ya zama kan magana kawai, sai dai mutum ya zaɓi ɗaya daga cikin 'ya'yan. Don haka kada ka taɓa zaɓar uwar laƙabi a matsayin laƙabin farawa. Kuma 'ya'yan uwa ɗaya fifikon uwarsu suke ci wajen neman dalili, wato canzawa daga wannan ɗa zuwa wancan ba ya jawo tambaya. Idan kana son a tambayi mutum yayin da ya sassauta daga "Zaɓaɓɓun Mutane" zuwa "Duk Ma'aikata", to kada ka haɗa su ƙarƙashin uwa guda.

Mataki na biyu: manufar kowa da kowa

Laƙabin da ba a raba shi ta manufa ba, babu wanda zai gan shi a jerin zaɓi. Shiga shafin manufofin raba laƙabi ka ƙirƙiri ta farko. Wannan ita ce ta gama-gari: ta shafi dukan ma'aikata, ta ƙunshi laƙabobin da kowa ke buƙata, kuma ita ce za ta zauna a sama da lamba 0, mafi ƙarancin fifiko. Haka ake so, domin ita ce ginshiƙin da sauran za su yi wa gyara.

Saitukan da za a tambaye ka kaɗan ne, amma kowanne yana da nauyi.

Laƙabin farawa shi ne wanda ke hawa kan takarda ko imel da ba su da laƙabi. Ana iya ware na takardu daban, na imel daban, na taruka daban, haka na rukunoni da shafuka, da na Power BI. Ba ya ture laƙabin da ya riga ya kasance. Ga manufar kowa da kowa, Na Cikin Gida ya fi dacewa. Ka guji sa laƙabi mai kullewa ya zama na farawa ga kowa. Ma'aikata suna tura takardu waje kullum, kuma wanda aka tura wa zai tarar da fayil ya ƙi buɗuwa, ko don ba shi da izini, ko don manhajarsa ba ta gane kullewar. Kafin mako ya zagayo ma'aikata za su koyi cire laƙabi kafin su tura komai, wannan ɗabi'a kuwa ta fi rashin laƙabin muni.

Tilasta laƙabi yana hana mutum adana takarda ko aika imel sai ya sa laƙabi. Idan ka kunna shi ba tare da laƙabin farawa ba, za a riƙa tsayar da mutum a kowane saƙo. Wasu ma'aikatu da gangan suke yin haka don kowa ya yi tunani kafin ya zaɓa. Ni ina ganin a imel wannan gajiyar da mutane kawai yake yi. Wanda ke aika saƙo hamsin a yini ba tunani zai yi ba, dannawa zai yi ya wuce. Tilastawa tare da laƙabin farawa ta fi: babu takardar da za ta fita tsirara, kuma ba a cire laƙabi a bar wurin fayau, sai dai a canza shi da wani.

Neman dalili kuwa ka kunna shi tun ranar farko. Ba ya hana kowa sauke laƙabi, amma dalilin da mutum ya bayar yana shiga kundi, kuma kana iya karanta shi a Activity explorer, shafin Purview da ke nuna abin da aka yi da laƙabobi. A nan ne za ka gane ko laƙabobinka sun dace da aikin mutane. Idan sashe guda yana ta sauke Sirri zuwa Na Cikin Gida, yawanci tsarin ne bai yi musu daidai ba.

Akwai kuma wurin sa adireshin shafin taimako na ma'aikatarku. Ka sa, ko da shafi ɗaya ne mai bayanin laƙabobin huɗu.

Mataki na uku: manufofin sassa, da wadda ke rinjaye

Yanzu ga inda aikin yake. Sashen kuɗi yana son takardunsa su fara da Sirri. Manyan jami'ai suna buƙatar laƙabin Babban Sirri, wanda ba a so kowa ya riƙa liƙawa. Sashen hulɗa da jama'a kuma yawancin abin da yake rubutawa na fita waje ne. Kowannensu za a yi masa manufa tasa.

Ana raba manufa ga mutane ɗaiɗai ko ga rukunoni, amma rukunin sai ya kasance mai adireshin imel: rukunin tsaro mai imel, ko rukunin rarraba saƙo, ko rukunin Microsoft 365. Rukunin tsaro da ba shi da imel ba zai fito a jerin zaɓi ba. Ka yi amfani da rukuni ko da mutum uku ne, domin idan an yi wa wani canjin wurin aiki, a rukunin kawai za a gyara.

A ce jerin ya tsaya haka, mun bar ta hulɗa da jama'a a gefe don sauƙin misali:

0. Kowa da kowa: laƙabobin Na Jama'a, Na Cikin Gida da Sirri, farawa da Na Cikin Gida, a nemi dalili.
1. Manyan jami'ai: ƙarin Babban Sirri, farawa da Na Cikin Gida, a nemi dalili.
2. Sashen kuɗi: farawa da Sirri, tilasta laƙabi, a nemi dalili.

Ɗauki shugabar sashen kuɗi. Tana cikin kowa da kowa, tana cikin manyan jami'ai, tana kuma cikin sashen kuɗi. Manufofi uku sun hau kanta. Abin da za ta samu ana lissafa shi ta hanya biyu daban, kuma wannan bambanci shi ne zuciyar al'amarin.

Laƙabobi tara su ake yi. Duk laƙabin da kowace daga cikin manufofin ukun ta raba, za ta gan shi. Saboda haka huɗun duka suna gabanta, har da Babban Sirri, ko da yake manufar sashen kuɗi, wadda ta fi fifiko, ba ta ambace shi ba. Manufa mai fifiko ba ta ƙwace laƙabin da wata manufa ta bayar. Idan ba ka son wani rukuni ya ga wani laƙabi, yi musu sabuwar manufa marar wannan laƙabin ba zai yi aiki ba muddin suna cikin wata da ke ɗauke da shi. Sai dai ka cire laƙabin daga manufar gama-gari ka mayar da shi ga masu buƙatarsa kaɗai, ko ka keɓe rukunin daga manufar gama-garin.

Saituka kuwa ba a tara su idan sun saɓa. Ga kowane saiti, na manufar da ke da lamba mafi girma ake bi. Manufa ta 0 da ta 1 sun ce a fara da Na Cikin Gida, ta 2 ta ce Sirri, don haka takardunta za su fara da Sirri. Da a ce an juya jerin, manyan jami'ai suna lamba 2, sashen kuɗi yana lamba 1, da takardunta sun fara da Na Cikin Gida alhali duk waɗanda ke ƙarƙashinta suna farawa da Sirri. Babu saƙon kuskure da zai fito, babu gargaɗi. Sai ranar da wani ya lura.

Ka lura cewa tsarin ba ya zaɓar saitin da ya fi tsauri. Mutane da yawa suna ɗauka haka yake yi, domin a wasu wuraren tsaro haka aka saba gani. A nan lamba ce kawai. Manufa mai sassauci da ke ƙasan jeri tana rinjayar mai tsauri da ke samanta. Haka kuma ƙanƙantar rukuni ba ta ba shi fifiko: manufar mutum biyar ba ta fi ta mutum dubu ba sai idan kai ka ajiye ta a ƙasa.

Daga nan dokar aiki ta fito: mai faɗi a sama, mai ƙunci a ƙasa. Inda mutum zai iya shiga manufofin sassa biyu, ka tambayi kanka wanne saiti kake so ya samu, ka sa wannan manufar ta fi zama ƙasa. Sannan a kowace manufar sashe, ka cike kowane saiti da ƙimar da kake so mutanen su samu, ko da maimaita abin da ke cikin ta gama-gari ne. Kada ka bar neman dalili a kashe a manufar sashe kana fatan za ta ci gadon ta sama. Manufar da za a karanta ita kaɗai a gane duk abin da mutanenta za su gani ta fi sauƙin kulawa, musamman ga wanda zai gaje ka a aikin.

Kamar laƙabi, sabuwar manufa ma ƙasan jeri take faɗawa. Wannan yana nufin manufar gwaji da ka ƙirƙira da yamma don duba wani abu ita ce mafi fifiko a duk ma'aikatar. Idan ka raba ta ga mutum biyu, babu laifi. Idan ka bar zaɓin dukan ma'aikata yadda yake, to saitukanta sun hau kan kowa. A shafin zaɓar mutane ka tsaya ka karanta sau biyu kafin ka wuce.

Wani abin da ke ƙara rikita masu kula da tsarin shi ne cewa a wasu sassan Microsoft 365 lissafin a juye yake. A dokokin tafiyar da saƙo na Exchange, lamba 0 ce ake fara dubawa, ita ce mai fifiko. Haka yake a manufofin hana zurarewar bayanai, waɗanda suke cikin dandalin Purview ɗin nan. Wanda ya saba da waɗannan, hannunsa da kansa zai kai manufa mafi muhimmanci sama. A manufofin laƙabi, yin haka mayar da ita mafi rauni ne.

Mataki na huɗu: duba abin da ke ƙasa

Dandalin yana nuna jeri, amma ganin saitukan dukan manufofi gefe da gefe ya fi sauƙi a PowerShell. Bayan ka saka kayan ExchangeOnlineManagement:

`Connect-IPPSSession`

`Get-Label | Format-Table DisplayName, Name, Priority, Guid`

`Get-LabelPolicy | Format-List Name, Priority, Labels`

`(Get-LabelPolicy -Identity "sunan manufa").Settings`

Umarni na ƙarshe yana fitar da saitukan manufa ɗaya. Laƙabin farawa zai fito a matsayin doguwar lambar shaida maimakon suna, sai ka gwada ta da abin da umarni na biyu ya nuna. Ka ajiye sakamakon a fayil kafin kowane canji. Idan abu ya rikice gobe, da shi za ka san yadda jerin yake jiya.

Mataki na biyar: jira, sannan gwaji

Canji ba ya isa ga manhajoji nan take. Ka ba shi awa 24. Idan ya haɗa da sabon rukuni ko canjin mambobin rukuni, yana iya kaiwa awa 48. Office na burauza yakan riga na kwamfuta ganin canji, don haka a can za ka fara dubawa. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne rashin haƙuri: mutum ya gyara, ya duba bayan minti goma bai ga komai ba, ya sake gyarawa, ya sake juya jeri, har ya kasa sanin wane canji ne ya haifar da abin da yake gani washegari. Canji ɗaya, jira, dubawa, sannan na gaba.

Gwajin da ya fi amfani shi ne na mutanen da manufofi suka haɗu a kansu. Wanda ke cikin manufa ɗaya kawai ba zai nuna maka komai game da fifiko ba. Yi asusun gwaji guda ga kowace haɗuwa da ke yiwuwa: kuɗi da manyan jami'ai, hulɗa da jama'a da manyan jami'ai, da sauransu. Da kowanne ka buɗe sabuwar takarda a Word, ka fara sabon saƙo a Outlook, ka duba laƙabin da ya hau da jerin da ya bayyana, sannan ka sauke laƙabin ka ga ko an nemi dalili. Idan sakamakon ya saɓa wa abin da ka rubuta a takarda, fara da bincika rukunonin da asusun ke ciki a Entra ID, inda ake kula da asusun ma'aikata da rukunoninsu, sannan jerin manufofi.

Idan laƙabi ya tarar da laƙabi

Laƙabi yana iya zuwa ta hanyoyi da dama, kuma suna haɗuwa a kan fayil guda. Wanda mutum ya liƙa wa takarda da hannunsa shi ne mafi ƙarfi, a saitin asali liƙawa ta atomatik ba ta ture shi ko da nata ya fi lamba. Laƙabin farawa na manufa shi ne mafi rauni, wurin da babu komai kawai yake cikewa. Liƙawa ta atomatik tana iya maye gurbin laƙabin farawa, ko wanda aka sa ta atomatik a baya, idan nata ya fi fifiko. Laƙabin farawa na ma'ajiyar takardu a SharePoint shi ma haka: yana hawa kan sabon fayil ko wanda aka gyara a ma'ajiyar, yana ture ƙaramin laƙabin da manufa ta sa, amma yana ƙyale na hannu.

Laƙabin da aka sa wa shafin SharePoint ko tawagar Teams kuwa ba ya sauka kan fayilolin da ke ciki. Yana tsara abubuwa ne irin su ko za a shigo da baƙi, da ko za a raba abu da na waje. Fayilolin suna buƙatar nasu.

Janye laƙabi

Wata rana za ka so ka daina amfani da wani laƙabi. Kada ka fara da gogewa. Cire shi daga manufofi tukuna. Da haka babu wanda zai ƙara liƙa shi, amma takardun da ke ɗauke da shi suna nan da sunansu da kariyarsu, kuma idan ka canza shawara mayar da shi abu ne mai sauƙi. Kafin ka cire, duba ko akwai manufar da ke amfani da shi a matsayin laƙabin farawa, ka canza mata wani.

Gogewa gaba ɗaya ta fi haɗari. Fayilolin da aka kulle da shi za su ci gaba da buɗuwa ga masu izini, domin tsarin yana adana ƙa'idar kullewar, amma manhajoji ba za su ƙara nuna sunan laƙabin ba, sai takardun su yi kama da marasa laƙabi. Ƙirƙirar sabo da suna iri ɗaya ba ya gyara wannan, domin lambar shaidarsa daban ce. Ka bar laƙabin a janye na tsawon watanni, ka duba a Content explorer, shafin Purview da ke nuna fayiloli masu laƙabi, ko fayiloli nawa ne suka rage da shi, ka sa a canza musu, sannan ka goge. Bayan gogewar ka sake gudanar da `Get-Label` ka tabbata lambobin waɗanda suka rage suna nan a jere daga mafi sauƙi zuwa mafi tsauri.